Damina Biyu Muna Ajiye wa Baba Tuwo

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, shekara biyar kafin Nasara su shigo Damagaram, jakin babana ya dawo gida ba tare da shi ba. Ina da shekara takwas ko tara. Ina tsugune a gindin gawon ƙofar gidanmu ina tsince wa akuyarmu 'ya'yan da suka zubo, sai na hangi fataken ƙauyenmu sun ɓullo ta hanyar kudu, waɗanda suka kai kanwa Kano tun bayan girbi. Tun daga nesa na gane jakinmu da tsagaggen kunnensa na hagu. Wanda ke janye da shi kuwa Baba Mani ne, aminin babana, da suka tashi tare tun suna kiwon awaki. Ya durƙusa gaban kakata, wadda muke kira Iya, ya gaishe ta, idonsa a ƙasa, ya ce, "Zazzaɓi ya kama shi a hanya. Na bar shi gidan wani malami yana jinya. In ya ji ƙarfi zai biyo wani ayari." Innata tana tsaye bayan danga da tsohon ciki, taɓarya a hannunta. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta koma kan turminta. Har yau ina jin ƙarar dakan nan a kunnena, yadda ya yi sauri fiye da na kullum.

Gidanmu ƙarami ne, a wani ƙauye gabas da Bande: ɗakuna uku na kara, rumbu biyu, turken awaki, da kukar da muke tsinkar ganyen miya. Sunan babana Haruna, amma ba a kiran wannan suna a cikin gidan. Inna ba ta faɗinsa don mijinta ne, sai dai ta ce "mai gidan". Iya ba ta faɗinsa don ɗan farinta ne, kunya ta hana, sai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Ni kuwa Baba nake cewa. Da yana nan, maƙwabta ne ke kiransa daga ƙofa, mu ji. Da ya zamana ba ya nan, sai sunan ya ɓace daga kunnenmu gaba ɗaya, mutanen gari ma suka riƙa kauce masa.

Kowace yamma, in Inna ta kwashe tuwon hatsi, malmalar farko ta Baba ce. Takan sa a baƙin akushinsa, ta zuba miyar kuka a ƙaramin kasko, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ɗakinsa ko zai iso a gajiye. Da safe a ɗumama a ba ni. Ba zan ɓoye ba, da farko murna nake yi, don tuwon Baba ya fi nawa girma, kuma a nan man shanu yake. Sai da aka daɗe murnar ta gushe mini.

Kwana ashirin da dawowar ayarin Inna ta haifi namiji. Baba Mani ne ya kawo ragon suna, shi ya raɗa masa Isa. Da ruwa ya sauka, shi ya shuka gonarmu kafin tasa, ya yi noman fari da maimai, ya ɗaure mana dammunan hatsi ya zuba a rumbu. Amma ko ruwan gidanmu bai ƙara sha ba. In na kai masa fura gona sai ya ce ya ƙoshi, ya juya mini baya yana gyara ƙotar hauyarsa, wadda ba abin da ya same ta.

Inna kuwa ta zauna kamar wadda aka ɗaure a turke. Yayanta ya zo daga Guci da jaki zai tafi da ita wankan jego, ta ce ba za ta fita ba da izinin mai gida ba. Ba ta sa lalle, ba ta kitson ado, don wanda za ta yi wa ba ya nan. Ba ta kuma shiga takaba ba, don ba wanda ya ce mata ya rasu. Biki ba ta zuwa, kuka ba ta yi, don yi wa mai rai kuka mugun fata ne. A bakin rijiya, ina jan guga, nakan ji mata suna rage murya in mun iso. Wata tsohuwa mai kaifin baki ta taɓa ce mata, "Habi, har yanzu mai gidan naki yana shan magani? Wannan malami ai ya cika haƙuri." Inna ta yi murmushi, ta ɗora tulunta, muka taho. A hanya na ga ruwan yana fantsalowa yana jiƙa mata kafaɗa, ita da ba ta taɓa zubar da ko ɗigo ba.

Mu yara wasanninmu muke yi, carabke da 'yar tsana ta karan dawa, da ɗakunan yashi bayan ruwa ya ɗauke. Wata rana ni da ƙawata Tabawa muka ce 'yar tsanata ta mutu. Muka naɗe ta a tsumma, muka tona rami a bayan rumbu, muna kwaikwayon gaisuwar da muke ji manya na yi. Inna ta fito ta gan mu. Ba ta dake ni ba. Ta tone ramin da hannunta, ta karkaɗe 'yar tsanar, ta miƙo mini, ta ce, "Ba a wannan wasa a gidan nan." Daga ranar na gane akwai tambayar da ba zan yi ba.

Abin da ke ba ni mamaki yanzu shi ne, Iya ba ta tsoron zancen mutuwa. Idonta ya fara dushewa, amma kullum tana gindin rumbu da mazarinta tana kaɗi, in an tambaye ta sai ta ce, "Zaren likkafanina ne, kada in bar ku da wahala." Takan faɗi wadda take so ta yi mata wanka, da wadda za a ba tasoshinta, tana dariya. Mutuwarta tana bakinta kamar goro, amma ta ɗanta ta kasa tambaya. In an yi rasuwa a gari aka kawo mana gumbar sadaka, sai ta riƙe ta a hannu ta daɗe ba ta ci ba. Ba ta da ikon yi wa ɗanta sadaka ko addu'ar mamaci, tun da ba a ce ya mutu ba.

Damina ta biyu ta wuce, an gama yankan hatsi, Isa ya fara tafiya yana dafa danga. Sai wata safiya muka tarar da jakin nan kwance a turke, ciki a kumbure, ya mutu. Ni na fara kuka, don ni ke kai shi rijiya. Da maza suka ɗaura masa igiya suna ja zuwa daji, sai Inna ta zube a bakin turken ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa ba, har muryarta ta dushe. Mata suka leƙo ta kan danga. Wata ta ce, "Yau ga kuka a kan jaki," wata ta zungure ta ta yi shiru. Iya tana zaune tana ji. Ta ajiye mazarinta ta ce da ni, "Dije, je ki kira mini Mani."

Ya zo da hantsi, ya durƙusa inda ya durƙusa a ranar farko. Iya ta ce, "Mani, tun da na haifi yaron nan ban taɓa kiran sunansa ba. Yau zan kira. Haruna yana raye, ko ya rasu?" Baba Mani ya ce, "Ya rasu, Iya. Kwana biyu da barinmu Kano. Ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari. Na ga cikin Habi ne na ji tsoro, na ce sai ta sauka. Da ta sauka kuma na rasa ta inda zan fara." Iya ta yi salati, ta ce, "Ka ji tausayinmu na yini ɗaya, ka ɗaure mu damina biyu. Tashi ka faɗa wa liman."

Liman ya zo, aka yi addu'a, mutane suka cika ƙofar gida suna gaisuwa, kowa na faɗin sunan Haruna kamar an buɗe rumbu. Inna ta aika a tambayi liman yadda za ta fara takaba. Ya ce ba ta da takabar da za ta yi, iddarta ta ƙare tun ranar da ta haihu. Da aka faɗa mata sai ta ce, "Ashe na daɗe da fita, ina zaune." Duk da haka ta kwana bakwai a kan tabarma tana karɓar gaisuwa, tana kuka a fili, ba mai hana ta. Aka daka gumba aka raba, Iya ta sa ni na kai wa Baba Mani nasa, ya karɓa ya ci a gabana. Tun daga ranar Iya ta koma kiran Isa da Audi, sunan da ake ba yaron da bai tarar da ubansa ba. Yammacin nan Inna ta kwashe tuwo, ta ɗauki baƙin akushi kamar yadda ta saba, ta tsaya da shi a hannu, sannan ta ajiye shi gaban Audi. Bayan sati uku ta hau jakin yayanta ta tafi Guci ganin uwarta.

Yanzu mota na zuwa Kano ta dawo cikin kwana biyu, wasiƙa na zuwa, jikokina 'yan lakwal, wato makarantar boko, suna karanta mini. Amma har yau ina jin ana cewa, "Kada a faɗa mata tukuna." Da mai gidana ya rasu, ni da bakina na tara yaran, har da ƙananan, na faɗa musu, muka yi kukanmu tare, muka yi masa addu'a da sunansa. Akushin nan yana ɗakina, ya tsage ta gefe, na sa an ɗinke. In na dube shi nakan tuna Inna tsaye da shi a hannu, in yi musu addu'a su duka, har Baba Mani. Kukan da aka bar mutum ya yi a kan lokacinsa, shi ma rahama ce.