Hancin Maryamu

A dangi ana kiransa Ɗan Gawayi, don ko wanka ya yi ruwan ne ke yin baƙi, shi yana nan yadda yake. Aikinsa zanen share fage. Shi ke zana hoto da gawayi a takarda, mai fenti ya mayar da shi bangon coci, ya zuba kala, ya sa sunansa a ƙasa. Sunan Ɗan Gawayi kuwa, ko ɓeran cocin bai taɓa ji ba.

Da matarsa na da rai, ita ke zauna masa in zai zana Maryamu mai tsarki. Ta yafa zanin gado, ta sunkuyar da kai tana mita: "Maigida, ka yi sauri, Maryamu za ta ɗora tukunya." Da ta rasu ɗakin ya yi tsit, har agogon bango ya ji kunya ya tsaya. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Abin da ya rage masa na fuskarta shi ne zanen ƙarshe da ta zauna masa.

Ran nan Fada, limamin cocin, ya zo neman zanen Maryamu don sabon bango, ya ga takardar, ya ce ita yake so. To, yadda ake yi, sai an bi layin zanen da allura ana hudawa, a manna a bango, a buga garin gawayi ta ramukan. Takardar da ta sha wannan ta gama yawo.

"Zan kwafo maka wata, Fada," in ji shi.

Ya kwafa har takardu suka kai masa gwiwa, kowace ta fito kamar shi ne ya yafa gyale. A ƙarshe ya ɗauki allura, yana huda zanen matarsa yana ba ta haƙuri. A ransa ya ce, bango ya fi takarda daɗewa.

Mai fenti ya dubi bangon ya taɓe baki. "Hancin nan ya yi faɗi. Na tsarkaka dogo ne, kamar na mutum-mutumin dutse." Ya ja buroshi ya miƙar da shi. Jama'a suka yi ta yabawa. Ɗan Gawayi ya tsaya gaban bangon, yana kallon wata baƙuwar fuska da bai sani ba.

Ya naɗe baƙar takardarsa ya koma gida, ya rataye ta a taga. Da safe rana takan biyo ta ramukan, ta ɗiga fuskar a bango kusa da gadonsa, da hancinta mai faɗi. Sai ya gaishe ta, ya hana kowa taɓa tagar, har rana ta juya.