Ranar da Aka Cire Gangar Buba

Har gobe ban manta da ranar da 'Yan Tsawa suka dawo situdiyonmu na Limawa don ɗaukar kundin waƙoƙinsu na biyu ba. Ni ne mai haɗa sauti a lokacin. Ga wanda bai san aikin ba, kowace murya da kowane kayan kiɗa layinsa daban a kwamfuta. Ni ke ɗaga wannan in rage wancan har waƙa ta zauna.

Su uku ne, duk 'yan Miga. Sale ke rerawa, Iliya na kan jita, sai Buba, Bafulatanin da ya bar kiwo ya kama ganguna. Waƙoƙinsu na farko gajeru ne masu gudu, jita na ƙara kamar injin niƙa, Sale na ihu a kan takin da bai iso manomi ba da burtalin da aka nome. Gidajen rediyo sun ƙi sa su, amma matasa na tura wa juna a waya har Garki.

Wannan karon da wani Alhaji suka zo, mai shirya wasanni daga Kano. Ya saurari waƙa ɗaya, ya ce mini, "Malam Sabo, jitar nan a bar ta da ƙarfinta. Amma a rage gudu, a sa amshin da kowa zai iya bi. Maganar taki kuma a ajiye, a yi ta soyayya."

Sale ya sunkuyar da kai ya ce to.

Buba ya shiga ɗakin ɗauka, na sa masa ma'aunin bugu a kunne, wato sautin da zai bi don kada ya yi gudu. Yakan fara a hankali, amma kafin tsakiyar waƙa hannunsa ya koma gudun da ya saba. Muka yi ta maimaitawa har rigarsa ta jiƙe.

Alhaji ya juyo gare ni. "Kwamfutarka ba ta da ganga ne?"

"Tana da ita, ranka ya daɗe, sai dai ba kamar hannun mutum ba."

"Ai hakan nake so."

Da Buba ya fito, fuskokinmu suka gaya masa an cire gangarsa. Ya dubi Sale ya ce, "Har da kai?"

"Buba, shekara nawa muna ihu? Wa ya kawo takin? Ni dai na gaji."

Buba ya juyo wurina. Ya roƙe ni in kunna masa abin da ya buga, ya saurara a tsaye har ƙarshe, sannan ya ce, "Goge, Malam Sabo." Na goge. Shi kaɗai ya ɗaure gangunansa a bayan acaɓa.

Kundin ya karɓu. Rediyo ta sa shi, gidajen biki suka ɗauka, tsofaffin masoyansu kuwa suka ce sun sayar da kai. Bara na haɗu da Buba a kara yana sayar da bijimi. Na tambaye shi ganga, ya ce fatar ta tsage, bai sake ta ba. Ya ce yana jin su a rediyo, Iliya ya ƙara ƙwarewa, in gaishe su.

Ku da kuke koyon aikin nan, za ku ga mawaƙa da yawa sun sauya salo, kuma ba duka ne don kwaɗayi ba, wasu gajiya ce. Amma kafin ku danna gogewa, ku ɗaga kai ku dubi mai layin. Sau da yawa yana tsaye a bayanku.