Mai Kwaɗo Ya Tafi, An Sake Buɗe Ɗakin Taro

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Litinin, tara ga watan Yuni, Allah Ya karɓi ran jami'in duba lafiyar gine-ginen jama'a na hukumar garinmu, wanda babba da yaro suka sani da Mai Kwaɗo. Ya rasu a asibiti yana da shekara hamsin da takwas, bayan kwana biyar yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu da jikoki biyu, da mahaifiyarsa wadda tsufa ya rage mata gani.

Ni ne magatakardan sashen ayyuka. Shekara goma sha bakwai teburina yana kallon nasa a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, kuma duk rahoton da ya rubuta da hannu, ni na buga shi. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Malam, sunan nan da aka laƙaba maka ba don ƙauna aka fara shi ba. Kullum akwai kwaɗo biyu ko uku a cikin tsohuwar jakarka, kuma duk ginin da ka ga zai iya cutar da mutane, sai ka kulle shi ka manna takarda a ƙofar. Yara in sun hango babur ɗinka sai su riƙa kwaikwayon kukan kwaɗon ruwa, kai kuma ka ɗaga musu hannu kana dariya. Manya kuwa ba dariya suke yi ba. An zage ka a kasuwa, an zage ka a tasha, an kai ƙararka ya fi a ƙirga. Ban taɓa ganin ka rama ba.

Ba zan manta da ranar da muka je makarantar firamare ta bayan asibiti ba. Ka tsaya a wani aji kana kallon tsagewar bango, ka zura biro a ciki ya shige har rabi. Ka sa aka fitar da yara, ka kulle aji biyu. Shugabar makarantar ta biyo mu har bakin ƙofa ranta a ɓace.

Ta ce, "Malam, yara tamanin ne. Ina kake so in kai su?"

Ka ce, "Malama, kai su ƙarƙashin bishiya. Rana za ta dake su, amma za su koma gida da ƙafafunsu."

Iyaye suka yi ta surutu, aka ce kai ne ka hana 'ya'yan talakawa karatu. Mako uku bayan haka, ranar wata Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, daidai lokacin darasi, bangon ya rufto a kan kujerun da babu kowa. Da muka isa, na zaci za ka ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce ta wanke kai. Sai kawai ka tsaya kana kallon wani ɗan benci da bulo ya raba biyu. Da za mu koma sai ka miƙo mini makullin babur, ka ce in tuƙa.

Haka kake a ko'ina. In ka shiga ɗaki, kafin ka zauna sai idonka ya zagaya rufi ya nemo ƙofar fita. Uwargidanka takan yi maka tsiya, ta ce ko gidan surukai ka je gaisuwa sai ka ƙwanƙwasa bango kafin ka tambayi lafiyarsu. A kasuwa kai ka bi tukwanen kashe gobara ɗaya bayan ɗaya, ka tarar rabinsu fanko ne an rataye su don ado. Kai ka tara mata masu sayar da yadi ka koya musu yadda ake zare fil ɗin a nufi gindin wuta. Ƙofar baya da aka toshe da rumfa, da hannunka ka taya mai rumfar kwashe kayansa, ka kuma yi kwana uku kana yawo sai da ka samo masa wani wurin.

Lokacin da na koma sabon gida, ka zo yi mini murna. Ina ta nuna maka falo, kai kuwa ka leƙa bayan firiji ka ga waya tsirara inda yarana suke wasa. Ranar Asabar sai ga ka da filaya da sabuwar waya, ka durƙusa ka gyara, ka sha ruwa, ka tafi. Da na yi godiya sai ka ce, "Ƙanena, bar godiyar nan, ka dai riƙa leƙa bayan kaya."

Sai maganar babban ɗakin taro, wadda ita ce ta cinye maka shekara biyun ƙarshe. Ginin ya haura shekara arba'in. A cikinsa akwai bene inda mutane ke zama su kalli dandamali, kuma wasu ƙarafa ne suke ɗauke da shi. Rufin ya daɗe yana yoyo, ruwa yana bin ƙarafan. Ka taɓa kai ni ƙarƙashin benen da tocila, ka kankara ɗaya daga cikinsu da makulli, tsatsa ta zubo kamar busasshen ganye, makullin ya huda ya fita ta ɗaya gefen. Rahoto shida na buga maka a kan wannan bene. Kowanne an buga masa hatimin an karɓa, an ce a jira baɗi. A watan Fabrairu haƙurinka ya ƙare, ka sa kwaɗo a ƙofar.

Shugaban hukuma yana son ɗakin don bikin raba kyaututtukan makarantu. Ya kira ka, ina tsaye riƙe da fayil.

Ya ce, "Malam, ginin nan ya kusa sa'ana, bai taɓa faɗuwa ba."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ai sau ɗaya yake faɗuwa."

Ya nemi makulli. Ka ce in an gyara, kai da kanka za ka buɗe ka share ƙofar. Bai ɗaga murya ba, kai ma ba ka ɗaga ba. Bayan kwana goma takarda ta fito cewa an mayar da kai ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, ofishinka kuma an haɗe shi da wani, wato an rufe shi ke nan.

Malam, ni na buga wannan takardar. Kowa ya sani, amma ina so in rubuta da hannuna. An kawo mini ita da safe, na zauna ina kallonta har azahar, ban taɓa na'ura ba. Kai ka lura. Ka zagayo ka karanta ta bayan kafaɗata, ka dafa ni ka ce, "Buga, aikinka ne. Kana da yara." Na buga. Da zan kai a sa hannu, ka tsayar da ni ka nuna mini inda na bar harafi ɗaya, ka ce kada takarda ta fita daga ɗakinmu da kuskure.

Ɗakin da aka kai ka ba shi da taga. Wata uku ka yi kana kakkaɓe ƙura daga fayilolin da babu mai nema. Ka rame, maganarka ta ragu, maganin hawan jininka ma sai an tuna maka. Amma makullin ɗakin taro bai bar aljihunka ba, kuma kowace safiya kafin ka zo aiki sai ka biya ta can ka tabbatar kwaɗon yana nan. A bakin wannan ƙofar maigadi ya same ka a kwance ranar Laraba, babur ɗinka a gefe bai ma mutu ba.

Na zo asibiti washegari. Bakinka ya karkace, magana ba ta fita. Ka kama wuyan hannuna da hannun da ya rage maka, ka yi ta ƙoƙari har kalmomi suka fito: "Sama... kar a hau sama." Uwargidanka ta fashe da kuka, ta ɗauka maganar tafiya kake yi. Ni na san saman da kake nufi. Na ce maka in Allah Ya yarda ba za a hau ba. Ka saki hannuna, ka rufe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma alkawari ne da ba ni da ikon cikawa.

Kwana huɗu da binne ka, aka kira mai walda ya yanke kwaɗon. An shafa wa ƙarafan koren fenti, an toshe hudar da makullinka ya yi da siminti. In ka shiga yanzu sai ka ce sabon gini ne. An sa bikin ranar Alhamis mai zuwa. Manyan baƙi za su zauna a ƙasa, ɗalibai wajen ɗari uku daga makarantu huɗu za su hau benen. Takardar gayyatar ma ni na buga.

Na yi abin da na iya, kuma ba shi da yawa. Na kwafi rahotanninka shida na kai wa sakataren shugaba, ya ce an gani. Na rubuta wa ofishin da ke sama da namu, har yau shiru. Na bi makarantun da ƙafata. Shugabanninsu sun saurare ni da ladabi, suka ce umarni aka ba su, suka kuma yi mini ta'aziyyarka. Wani ma ya ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, in je in huta. Ni magatakarda ne, Malam. Ba ni da hatimi, ba ni da kwaɗo, kuma ba ni da irin zuciyarka.

Autata tana cikin waɗanda za a ba kyauta, ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Na ce mata ba za ta je ba. Kwana biyu tana kuka, ta goge rigar makarantarta ta rataye, tana tambayar uwarta laifin da ta yi mini. Iyakar abin da na iya ke nan: yarinya ɗaya cikin ɗari uku, ita ma don tawa ce. Kai da kake raye ba ka taɓa tambayar ɗan wa ke zaune a ƙarƙashin rufi ba. Wannan bambancin da ke tsakanina da kai shi ne yake hana ni haɗa ido da hotonka.

Wataƙila benen ya ɗauke su ranar Alhamis, a tafa, a watse, a ce dama tsoro ne irin na marigayi. Sai a sake hawa a wata mai zuwa, da na bayansa. Ruwan damina kuma yana nan yana bin ƙarafan a ƙarƙashin fenti, babu wanda aikinsa ne ya leƙa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka jiƙan sa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Rayukan da ya tsare ba tare da masu su sun sani ba, Ka sa su a mizaninsa. Zagin da ya haɗiye, Ka mayar masa da shi lada.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, mahaifiyarsa, wadda har yanzu takan juya in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ina miƙa ta ga uwargidansa, da 'ya'yansa huɗu, da jikokinsa, da 'yan'uwa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Ku yafe mini abin da hannuna ya buga.

Ya Allah, Ka riƙe ƙarafan nan ranar Alhamis. A garin nan babu sauran wanda zai riƙe su sai Kai.