Ƙanƙarar Kudu da Gidan Kawu

Ni na jawo, ba na musu. Kawuna, ƙanen inna, gidanshi na bakin kogi nan garinmu Abu Hujar, inda kakanmu ya kafa. Wata la'asar muna shan shayi na nuna mishi bidiyo a waya. Wata ƙasa ce can ƙarshen duniya, fara fat, ba itace ko na asawaki. Tsuntsayenta tsaye suke tafiya kamar dattawa za su ɗaurin aure, namijin ya aza ƙwai bisa ƙafa ya yi wata biyu bai ci komi ba. Cikin ruwa kuma wata dabba ce laɓe, mai haƙora kamar kura, wanda duk ya fara faɗawa ta cafke shi. Can sai wani dutsen ƙanƙara ya ɓalle ya rufta teku.

Kawu ya ce, "Ina ne wanga wuri?"

"Kudu, Kawu. Kudun da babu wani kudu bayanshi. Gutsuren nan da ya faɗi ya fi yankin Jazira duka, har ƙasar Dindir. Kuma narkewa take, kullum!"

Ya aje kofi. Mu nan, tun da munka buɗe ido, duk ruwan da ya taɓa cin gida daga kudu ya gangaro.

"In ta narke, ina za ta bi?"

Maimakon in ce teku, sai bakina ya ce, "To Kawu, ruwan kudu ina ya saba bi?" Na ƙyalƙyale da dariya. Shi bai yi ba.

Washegari na iske shi tsugune a gaɓa, hannu cikin ruwa. Ya ce, "Ya fi na bara sanyi." Kafin Jumma'a ya fara kwance kwanon ɗakinshi. Na rantse mishi wasa nake, na buɗe taswira, na ce ya duba, teku ne ƙato tsakaninmu da su.

Ya daɗe yana kallo. "Ɗana, tekun in ya cika fa?"

Na rufe taswirar.

Ya kwashe iyali a karo, keken jaki, ya koma tudu, inda ba inuwa, ya bar lemukan da ya dasa da hannunshi. Inna ta yi wata ba ta amsa gaisuwata.

Gidan na nan ba rufi. Gaɓar kuma ta tsage, taku uku daga ƙofar ɗakin da yake kwana, kowace damina tsagar sai ta ƙara buɗewa.