Sakace da Katin Bajapane

Jama'a, yau Alhaji Sabo, abokin kasuwancina, ya kashe min tafiya Osaka!

Muna kasuwar motoci ta Ras Al Khor, a ƙasar Larabawa, wajen Bajapanen da zai ba mu takardar gayyata mu je sayen injinan mota. Har ya fara ba mu shawara: a ƙasarsu ba a amsa waya a jirgin ƙasa, katin kasuwanci mai ɗauke da sunan mutum kuma da hannu biyu ake karɓa. Sai ya rusuna ya miƙo nasa.

Alhaji ya fizge, ya lanƙwasa, ya hau sakace da shi!

Na ce, "Haba Alhaji, sunan mutum ne fa a jiki!"

Ya ce, "Nama ne ya maƙale min."

Bajapanen ya rufe jakarsa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan da Larabci.

Nama dai ya fita, biza ta maƙale.