Furen Hajiya a Hannun Manomin Albasa

Arzika na Dandin Mahe tun yana yaro yake cikin fangalin albasa, har gwiwa ta ce masa ta gaji. Ɗa namiji Allah bai ba shi ba, sai fadamar ta koma hannun ƙanensa Maniru, shi kuma ya koma zaure, safe da yamma a miƙo masa kwano. Ba wanda ya taɓa yi masa gori. Da ma an yi, da ya sami abin yin faɗa a kai. Abin da ke cin ransa shi ne ladabin da ake kawo tuwon da shi, kamar ana gaida marar lafiya.

Shi ya sa da aka ce wata Hajiya Safinatu a Bodinga, tsohuwar malamar asibiti, tana neman mai ban ruwa, bai yi shawara da kowa ba ya hau mota.

A ƙofar ɗakinta akwai wani dogon kwamin siminti cike da ƙasa, inda rana ke yini a kai tun hantsi. Hajiya ta gwada shuka iri-iri a ciki, bazara ta ƙone su. Bana sai ta je Sakkwato ta zaɓo wata 'yar gajeriya mai shimfiɗa a ƙasa, mai ganye kauri-kauri, wadda zafin rana bai dame ta ba, don ta ƙawata gidan ranar bikin autarta. Arzika ya duba, ya ga ba ta da maraba da fasa-ƙabar da ya yi rayuwarsa yana cirewa a gona. Ya ce a ransa, malamar asibiti ce, ƙila magani ne. Tambaya kuwa bai yi ba. Tsoho da furfura ya tambayi mace yadda ake shuka?

Za ta tafi Kaduna sayayyar biki ta ce, "Baba, ga amana. Ka kula min da su awa albasarka."

Ya kuwa kula. Ya nemo takin awaki ya marmashe da hannu, ya yi ban ruwa kafin rana ta ɗaga, ya kori kaji. Shukar ta yi shar, ta fara fid da 'yan kawuna. To, kowane manomin albasa ya sani, in ta fid da kan fure ƙarfinta ya tafi sama, ƙasa ba ta yin komai, sai a karye. Sabo turken wawa. Kullum da safe Arzika na durƙushe a kan gwiwar nan mai ciwo yana bin kawunan ɗaya-ɗaya da farce, yana jin daɗi, don rabon da ya ji shi mutum ne tun barinsa fadama.

Ana jibi biki Hajiya ta dawo. Ta tsaya a bakin kwamin tana dubawa.

"Baba, ina huren?"

"Na karye su, Hajiya. Ko ɗaya ban bari ba."

"Don mi?"

"Ke kic ce awa albasata."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ai ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma ta ga aikin ya yi wa ƙafarsa yawa, ya je gida ya huta. Ta sa aka ɗaure masa shinkafa da turmin yadi, aka raka shi bakin titi.

Da la'asar ya sauka Dandin Mahe. Maniru na zaure, ya miƙe da sauri ya karɓi ƙullin, bai tambayi komai ba. Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Khadija, Yaya ya dawo. A sa mai nashi."

Daga ciki ta amsa, "Ai ban taɓa rage awon ba."