Ragowar Yadin Mawaƙa

Goggo Mai Ƙulli tela ce. Shagonta ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya, da keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka wanda ya sha alli, da ƙaramin gicciye na katako a bango. Halinta ne ya jawo mata sunan: duk wanda ya zo karɓar ɗinki, sai ta haɗa masa da ragowar yadinsa a ƙulle, ko da ƙyallen bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Tun tana koyo ta fara. Uwar ɗakinta ta ce mata ragowa rabon tela ne, kowa haka yake yi. Ita kuwa ranar da ta sa ƙyallen wata a jaka, addu'a ta ƙi fita daga bakinta, sai da ta mayar. Daga nan ba ta daina ba har furfura.

Teloli 'yan'uwanta kan tsokane ta: "Goggo, a kan ƙyalle za a hana ki shiga sama?"

Takan ce, "Hannun da ya saba da ƙyalle, wata rana turmi zai ɗauka."

Bana aka ba ta ɗinkin rigunan mawaƙan coci. Matar dattijon ikilisiya ce ta kawo yadin. Goggo ta auna, ta ce, "Uwargida, wannan ba zai kai dogon hannu ba."

"Ke dai ki ɗinka. Ni na san abin da na saya."

Ta ɗinka. Ranar Lahadi mawaƙa suka tsaya a gaba, hannayen riguna sun tsaya a gwiwar hannu, 'yan baya suna ƙunshe dariya. Ana tashi daga sujada, matar dattijo ta tare ta a bakin ƙofa, a gaban jama'a.

"Goggo, ina sauran yadinmu? Ko ya tafi zanin jikoki?"

Abin takaicin, a cikin waɗanda ke tsaye a wurin da wuya a sami wadda ba ta da ƙullin Goggo a akwatinta. Wata ta yi wa jaririnta hula da shi, wata ta yi faci. Amma duk suka sunkuyar da kai, kowacce ta ga takalminta na bukatar kallo. Matar dattijo ce, wa zai tanka?

Goggo ta koma shago. Ta tattara 'yan guntayen da suka rage daga rigunan, waɗanda ba su cika tafi biyu ba, ta fara ƙullawa. Autarta ta riƙe mata hannu.

"Mama, don Allah kada ki kai. Cewa za su yi asirinki ya tonu, kin dawo da na sata. Ki ƙona su!"

Goggo ta san gaskiya yarinyar ta faɗa. Ta daɗe tana kallon ƙullin. Sunan da ta yi shekaru tana ɗinkawa da allura, ga shi za ta kai shi da hannunta a yage.

"Nawa ne ko nasu?" ta tambaya.

"Ba naki ba ne, amma..."

"To, ba ni mayafina."

Ta sami matar dattijo da sauran a zaman kwamitin coci, ta ajiye ƙullin a kan tebur. Matar dattijo ta kwance, ta ɗaga wani ƙyalle da yatsa biyu, ta juya ga sauran: "Kun gani? Ai na faɗa!"

Aka karɓe aikin coci daga hannunta, aka ba wani tela. Har yau babu wanda ya taka shagon ya ce mata yi haƙuri, kuma duk Lahadi tana nan a bencinta na uku, tana rera waƙa tare da su.

Washegarin zaman, wata ta kawo ɗinkin rigar makaranta. Goggo ta yanka, wani siririn ƙyalle ya faɗi ƙasa. Auta na kallonta da jajayen idanu. Goggo ta sunkuya da ƙyar saboda ciwon baya, ta ɗauka, ta karkaɗe ƙura, ta ajiye shi a gefe don mai shi.